Abin da Indiya ta ƙwata a hannun McDonald's, Pakistan ba ta nema ba

Tsakanin Amritsar ta Indiya da Lahore ta Pakistan tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka. Kafin rabuwar 1947 duk ƙasar Punjab ce, harshe ɗaya, girki ɗaya. Amma yau in ka duba jerin abincin McDonald's, kamfanin gidajen abinci na Amurka, a ɓangaren Indiya, ka tsallaka iyakar Wagah ka duba na ɓangaren Pakistan, tambarin nan rawaya ne kawai zai shaida maka kamfani ɗaya ne. Na Indiya na gan shi da idona lokacin da na kai yayana jinya Delhi. Na Pakistan kuwa maƙwabcina a nan Agege, wanda ya yi karatu a Islamabad, shi ya zayyana mini shi, kuma har yau muna musu a kai in mun zauna shan shayi bayan Isha'i.

A 1996 kamfanin ya buɗe shagonsa na farko a Delhi, kuma tun ranar bai sa naman shanu a tukunya ba, bai sa na alade ba. Hindu ba za su yarda da na farko ba, Musulmin ƙasar ba za su yarda da na biyu ba. Ka yi tunani, kamfanin da ya yi suna a duniya da niƙaƙƙen naman sa, ya shiga ƙasa ya ajiye Big Mac, babbar bogarsa (burodi da naman sa a tsakiya), a bakin ƙofa. A madadinsa suka fito da Maharaja Mac, da farko da naman rago, daga baya da kaza. Amma bogar da ta riƙe musu kasuwa babu nama a cikinta sam. Sunanta McAloo Tikki: dankalin turawa da koren wake a marmasa, a zuba kayan ƙamshi, a mulmula a soya kamar ƙosai, a sa tsakanin burodi. Abincin bakin titi ne da talakan Delhi ya saba da shi tun kafin a haifi kamfanin, suka ɗauko suka naɗe a takarda, suka sa masa farashin da ɗalibi zai iya biya. Akwai kuma ta cukunsu da suke kira paneer, mai yaji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka raba wurin girki. Mai soya dankali da ganye daban, mai soya kaza daban, mai daban, cokali daban. Miyar da suke shafa wa bogar ganye ko ƙwai babu a ciki. Kowace takarda tana ɗauke da alama, kore ga marar nama, ja-ja ga mai nama, kamar yadda dokar ƙasar ta tanada. A gabana wata tsohuwa ta karɓi na jikanta, ta juya takardar ta kawo kusa da ido, sai da ta ga koren ɗigon nan sannan ta miƙa wa yaron. Ba ta tambayi kowa ba, ba ta roƙi kowa ba, haƙƙinta ne a rubuce.

Kada wani ya ɗauka kirki ne ya sa kamfanin yin haka. A 2001 labari ya fito cewa a Amurka ana sa ɗanɗanon naman shanu a soyayyen dankalinsu, mutane a yankin Mumbai suka fasa musu shago, duk da kamfanin ya ce dankalin Indiya ba shi da wannan haɗin. A Amurka sai da ya nemi afuwa ya biya dala miliyan 10. Mutanen da za su tashi a kan ɗanɗanon da aka sa a wata nahiya, dole ka girka musu abin da suke so.

Kuma abin bai tsaya a kan faranti ba, ya gangara har gona. Dankalin Indiya na wancan lokaci ruwa ya yi masa yawa, ba ya soyuwa ya tsaya zaƙo-zaƙo yadda suke so. Sai kamfanin McCain, mai sarrafa musu dankali, ya shafe shekaru yana aiki da manoman jihar Gujarat a kan iri da ban ruwa da ajiya, har ya kafa masana'anta a Mehsana. Yau manomin can yana shuka ya san wanda zai saya.

Na Pakistan labarinsa gajere ne. Sun buɗe a Lahore a 1998, Karachi ta biyo baya. Big Mac yana nan da naman sa, yankan Musulmi. Akwai kaza mai yaji, akwai McArabia, kaza a naɗe cikin burodin Larabawa, wadda ita ma daga ƙasashen Larabawa aka aro ta. Sun taɓa gwada sayar da bun kabab, burodi da ƙwai da ɗan kabab da ake ci a titunan Karachi, mutane suka ce na mai kwano a bakin hanya ya fi daɗi ya fi araha. Ban da wannan, kusan jerin Amurka ne da aka yi wa bismilla.

Maƙwabcina ya ce to me ya fi wannan? Ka shiga ka ci naman sa hankali kwance, ba ka tambayar kowa. Ban raina maganarsa ba, wallahi. Duk wanda ya yi zaman baƙunta ya san nauyin tambayar nan ta "yankan wa?", ni kaina a Delhi bogar dankali na riƙa ci don kauce wa kokwanto. Halal ba ƙaramin abu ba ne. Amma a ganina Pakistan ta nemi abu ɗaya, aka ba ta, ta yi shiru. Ƙasa mai nihari da chapli kabab da biriyani, ta karɓi ɗanɗanon wasu, wuƙa kawai aka canza. Kuma ba ƙarfi suka rasa ba, don tun yaƙin Gaza na 2023 an ga yadda ƙauracewa ta girgiza irin waɗannan shaguna a ƙasashen Musulmi. Indiya ta ce a'a tun daga ƙofa, a'ar nan ta haifar mata da abincinta a jeri da kasuwa ga manominta.

Abin da ya sa maganar take ci mini rai shi ne halinmu a Legas. McDonald's bai zo Najeriya ba har yanzu, amma 'yan uwansa sun zo. KFC tun 2009, Burger King a 2021 a Victoria Island, ga namu na gida irin su Mr Bigg's da Chicken Republic. Mutanen garin nan sun yi irin na Indiya a abu ɗaya: duk wanda ya zo sayar da kaza, dole ya dafa shinkafa, don ba za su ci kaza da dankali su ce sun ci abinci ba. Mu fa? Shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba daga Arewa suke zuwa, daga su Potiskum da Maigatari da Mubi. Tumatir da albasa da tattasai da attaruhu da ake saukewa a Mile 12 kafin asuba, namu ne, 'yan uwanmu ne suke dakonsu. A ƙarshen Fabrairun 2021, da dillalan shanu da kayan abinci suka dakatar da lodi zuwa Kudu, cikin kwanaki kaɗan kowace tukunya a Legas ta ji a jikinta. Duk da haka, in muka shiga irin waɗannan shaguna da yaranmu ranar sallah, tambayarmu ɗaya ce, irin ta Pakistan.

Na yi wannan magana da wani dattijo mai harkar shanu. Na ce, "Baba Alhaji, me ya hana ku kai wa masu boga nama kai tsaye?" Ya ce, "Ɗana, mu sa muke sayarwa a tsaye. Su kuma nama suke so a sanyi, da takardar likita, awo ɗaya, farashi ɗaya wata guda cur. Wa zai ɗaure kansa da farashi a kasuwar nan?" Gaskiya ya faɗa, kuma a nan ribar take zubewa. Gwamnati ta hana shigo da naman shanu da daskararriyar kaza daga waje, wato duk kamfanin da ya zo dole a gida zai saya. Wanda ya mallaki ɗakin sanyi da injin niƙa da motar firji shi ke cin moriyar wannan doka. Wanda ya yi kiwo, da wanda ya kwana biyu a bayan tirela yana tayar da sa in ya faɗi, kuɗinsu na ƙarewa a bakin kara.

Ga kuma ɗanɗano. Legas kaf ta san tsire, tun daga Obalende har Ikeja, yajin ƙuli ya shiga bakin Bayarabe da Ibo da Bature. Matasa suna sayen burodin Agege su tsaga, mai tsire ya zuba musu nama da albasa da kabeji ya barbaɗa yaji. Kano kuwa ta daɗe da gurasa da tsire. Wannan shi ne McAloo Tikki ɗinmu, kuma tuni wasu gidajen abinci suka fara sa sunan suya a jerinsu, ba tare da Bahaushe ko ɗaya a cinikin ba. In ƙungiyoyin mahauta da dillalanmu na Agege da Mile 12 za su iya tara kuɗin gina masallaci da ɗaukar lauya, kuma suna yi, to za su iya haɗa kuɗin ɗakin sanyi guda da injin niƙa nama, su nemi takardar hukumar lafiya, su je wa masu boga da nama a kwali da yaji a gwangwani, da sunansu a jiki.