Yadda VLC ya tona min asiri gaban surukina

Da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, sai na ɗora wa tsohuwar kwamfutar shagona Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, a madadinsa. Lafiya lau muke zaune, har ƙanena ya zo hutu ya riƙa tsare min shago da yamma. Shi dai ba ya zama babu kiɗa.

Ranar nan da hantsi sai ga surukina da kansa, zai buga takardar fili da aka turo masa. Na miƙe na ba shi kujerata, na durƙusa na gaishe shi, ina ta sunkuyar da kai. Takardar tana cikin foldar Downloads. Na danna sau biyu, ina jiran Nemo, manhajar da ke nuna fayiloli, ta buɗe kamar kullum.

Sai ga mazugin nan ruwan lemo, tambarin VLC, manhajar kunna waƙa da bidiyo, ya bayyana.

Wanda bai san halin VLC ba, to in ka miƙa masa folda, duk wani abu mai sauti da ke ciki zai jera ya fara kunnawa, ba ya tambaya. Na farko a layi kuwa saƙon murya ne da na tura wa 'yarsa lokacin da ta yi yaji. Sifika a ƙure, aikin ƙanena. Muryata ta cika shago: "Haba 'yar lelena, tun da kika tafi ko tuwo ba ya wuce min..." Har da 'yar shesshekar da na ƙara don ta ji tausayi.

Na kai wa linzami cafka, ya faɗo ƙasa. Na danna abin da na zaci tsayarwa ne, ashe na gaba ne, inda nake rera mata waƙa. Mai shayin da ke ƙofar shago har ya leƙo.

Baba bai ko motsa ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Malam, takardar dai nake jira."

Bayan ya tafi na zauna bincike, gumi bai bushe ba. Ashe a Linux ita ma folda ana mata kallon wani nau'in fayil ne mai suna inode/directory, kuma duk manhajar da aka rubuta a gaban sunan nan cikin fayil ɗin saiti mai suna mimeapps.list, ita ke da ikon buɗewa. Ƙanena ya buɗe foldar waƙoƙinsa da VLC, ya kuma naɗa shi sarkin dindindin. Layi ɗaya na rubuta a Terminal, wurin ba kwamfuta umarni, sarauta ta koma gidanta:

xdg-mime default nemo.desktop inode/directory

Da dare na iso gida, ina cire takalmi uwargida ta fito tana danne dariya.

"Baba ya kira. Ya ce in riƙa ba ka tuwo da kyau, wai ya ji ba ya wuce maka."