Daren da na yi biliyan tara a Birnin Kebbi

Saura wata 14 in cika shekara 35 a aikin gwamnati, ita kuwa doka ba ta da kara: ko 35 a aiki ko 60 a duniya, wadda ta riga zuwa ita ke sallamar mutum. Abokan aikina kowa ya kama gona a fadama, ba su da zance sai shinkafa da injin ban ruwa. Ni da bayana ba ya son duƙawa, sai na ce rubuta manhajar kwamfuta zan koya.

Malamina jikana ne, ɗan sakandare. Ya ce da Python za mu fara, wato mesa. Hajiya ta jiyo daga madafa, ta ce ba a gidanta ba. Da ƙyar ya lallashe ta cewa yaren kwamfuta ne da wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991, ko sunan ma daga wani wasan barkwanci na talabijin aka aro shi.

Mesar nan ta wahalar da ni. Ni da na kwashe shekaru ina jera fayil daga lamba ɗaya, sai ga abin da ke fara ƙirga daga sifili. Ka manta baka guda ta rufe zance, ta watso maka jan rubutu kamar takardar tuhuma.

Wani dare, bayan isha'i, na ce bari in gwada ni kaɗai. Na rubuta ɗan shirin da zai tambaye ni albashi ya ninka sau biyu, don in ga abin da zan samu idan aka haɗa mini wata biyu. Na buga 95000. Sai ga amsa: 9500095000.

Na cire tabarau na goge. Na ƙirga lambobin da ɗan yatsa, biliyan tara da rabi har da canji. Hankali ya ce ƙarya ne, zuciya ta ce kwamfuta ba ta kuskure, wataƙila ariyas ne da aka daɗe ana danne mini. Na tada Hajiya, na yi mata alkawarin Umra da injin markaɗe.

Da safe jikan ya leƙa, ya yi dariya har da faɗuwa.

"Tsoho, mi ka yi haka? Ai ba ka gaya mata lamba ce ba! Ta ɗauka rubutu ne, shi ne ta rubuta maka shi sau biyu a jere."

Ya ƙara haruffa uku, int, da baka biyu. Dukiyata ta koma 190000.

Hajiya ta ce ita ba ruwanta da int, alkawari dai ta ji da kunnenta. Ta yafe Umrar zuwa lokacin garatuti, amma ranar Asabar sai da na je tsohuwar kasuwa tayin injin markaɗe.