Yarjejeniyar kasuwanci ba ta nufin an cire boda

Mutane da yawa da sun ji ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar kasuwanci mara shinge sai su ɗauka shikenan, kowa ya loda kayansa ya wuce ba kwastan ba takarda. Ba haka abin yake ba fa.

Ɗauki AfCFTA, wato yarjejeniyar kasuwanci mara shinge ta ƙasashen Afirka, da aka sa wa hannu a Kigali, babban birnin Ruwanda, a 2018, aka buɗe ciniki a ƙarƙashinta 1 ga Janairu 2021. An amince ne a cire haraji kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, shi ma a hankali cikin shekaru, kuma sai kayan da aka noma ko aka sarrafa a ƙasashen, da takardar shaidar asalin kayan a hannu. Wanda ya shigo da kaya daga wata nahiya ya canza musu kwali kawai dole ya biya.

Ni ƙaramin manomi ne ya fi damuna wallahi. Ko an yafe masa harajin, in hanyar ƙauyensu ta lalace, mota ta kwana biyu a layin boda direba na yawo ofis-ofis da takardu, amfanin gonar a cikin buhu zai ruɓe kafin ya ga kasuwa.