Ranar da na kori mai yogot saboda tanderu

Tanderun narka ƙarfen zubi ne, kwancen Jamus, irin wanda mu da muka koyi aiki da Turanci muke kira cupola. Littafinsa na Jamusanci ya ce Kupolofen, injiniyan da aka ɗauko ya kafa shi kuwa Bafaranshe ne, cubilot yake cewa. Da aka nemi tafinta, ni da wayata muka ce ga mu.

Tun a shafin farko muka fara tuntuɓe. Littafi ya ce a duba Gicht kafin a kunna wuta, waya ta ce ciwon gaɓoɓi. Ashe bakin sama ne da ake zuba kaya, gueulard a wajen Faransawa. Sai ga Zuschlag, kashi 3 cikin ɗari. Waya ta ce ƙarin kuɗi, har akawu ya fara kumfar baki, alhali dutsen farar ƙasa ake nufi, castine a Faransanci, wanda ke tsinka datti ya riƙa gudana.

Ranar gwaji komai ya tafi daidai. Muka shimfiɗa gawayin kwal har ya haura kafofin iska da kamar mita ɗaya, sannan muka riƙa jera zubi hawa-hawa: ƙarfe kilo 500, gawayi kilo 55, dutse kilo 15. Aka kunna injin hura iska. Ba a jima ba, ta gilashin leƙe, ga ƙarfe na ɗiga kamar zuma. Shi wannan tanderu kafa biyu gare shi a ƙasa. Ta gaba, can gindi, ta ruwan ƙarfe ce. Ta baya ta ɗan fi ta tudu, tana dab da ƙarƙashin kafofin iska, ita ce ta kashin maƙera, wanda ke tasowa sama don bai kai ƙarfe nauyi ba. In aka yi jinkirin buɗe ta, kashin ya kai kafofin, iskar mai sanyi ta buge shi, nan take ya daskare ya toshe su.

Ana cikin ƙarar inji sai Bature ya hau ɗaga hannu yana ihu: "Le laitier! Sortez le laitier!" Na danna waya, ta ce a fitar da mai madara. Ina waigawa kuwa, ga mai yogot ya jingine kekensa a ƙofar shago, yara sun kewaye shi. Na ce lallai Baturen nan ya san aiki, don ruwa da narkakken ƙarfe in suka haɗu sai fashewa. Na zabura.

"Bawan Allah, kwashe kayanka, Bature ya ce ka fita!"

"Ranka ya daɗe, me na yi masa? Ko canji ban ba yaran nan ba."

Rigimar canji ta ci kwata guda. Duk wannan lokaci Baba, tsohon da ke riƙe da sandar huda kafar baya, yana tsaye yana jiran in faɗa masa abin da Bature ya ce.

Ko da na dawo, kafofin iska sun yi baƙi, allurar matsin iska ta haye sama, ƙarfen da ya kamata ya fito fari tas da zafin maki 1,450 a ma'aunin Celsius yana jan ciki ja-ja kamar kunun tsamiya. Aka kashe inji, aka doke madogarar ƙofofin gindi don kayan su zubo, rabi ya zubo, rabi ya maƙale. Sai a lokacin na ji cewa laitier shi ne slag ɗinmu, wato kashin maƙera. Da Schlacke ya ce irin na Jamusawa, ko kurma ya gane.

Dunƙulen da ya daskare a ciki ma da sunansa. Jamusawa na ce masa Ofensau, wato aladiyar tanderu, Faransawa loup, kyarkeci ke nan, Turawan Ingila kuma bear, wata ƙatuwar dabbar daji. Baba ya leƙa ya ce, "Ɗana, ko wace dabba ce, kai za ka fito da ita."

Kwana huɗu ina ciki da guduma da kurfi. A rana ta biyar mai yogot ya dawo, ya tsaya can bakin titi, ya aiko yaro ya tambaya ko Baturen ya huce.