Dashen gashi tiyata ce, ku daina tallata shi kamar aski

Wallahi abin da ake yi tun jiya wa yaron nan da ya je aka yi masa dashen gashi aikin ya lalace, ya fito ya ba da labarinsa, ya ɓata min rai, kuma ba zan yi shiru ba. Mutum ya cire hula a gaban duniya, ya juya ya nuna muku ƙeyarsa yadda aka tsige ta ta yi fili-fili, muryarsa na rawa yana cewa da ya sani da bai je ba, amma abin da wasunku suka ga ya dace shi ne su yanko hotonsa su dinga yawo da shi ana ƙyaƙyata dariya. Ku na bar ku da Allah. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne dillalin dashen gashin da ya fito da safiyar nan yana cewa laifin yaron ne, wai bai bi ƙa'idar wanke kai ba, sannan a ƙarshen maganar ya liƙa lambar wayarsa da sanarwar rangwame. Alhaji, ka ji tsoron Allah. Wane irin wankin kai ne yake cinye ƙeyar mutum? Sabulu ne ya ɗauki ƙarfe ya tumɓuke masa tushen gashi dubbai a wuni ɗaya?

Dashen gashi tiyata ce. Ana yi wa mutum allurar kashe zafi, ana huda fata, jini yana fita, tabo yana zama. Kuma babu wani sabon gashi ko sili ɗaya da ake ƙara maka. Naka ne ake ɗebowa daga ƙeya da gefen kunne a dasa a goshi, kamar mai kankare ƙasar katangar baya yana yaɓe ta gaba. Dalilin da ya sa ake ɗibar na ƙeya shi ne sinadarin DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin mazantaka, shi ne yake ƙanƙantar da tushen gashin goshi da na tsakiyar kai ga wanda ya gaji sanƙo, amma na ƙeya galibi ba ya jin sa. Wani likitan fata a birnin New York mai suna Norman Orentreich ne ya bayyana wannan a 1959, cewa gashi yana tafiya da halin inda aka ciro shi. A kan wannan aka gina sana'ar gaba ɗaya. To amma tushen da aka cire daga ƙeya ya tafi ke nan. Ba ya sake tsirowa a wurin, ko bayan shekara ɗaya, ko bayan ashirin. Wannan ita ce maganar da babu dillalin da zai fara gaya maka.

Ku duba yadda suke tallan. Tikiti, otal, motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgin Istanbul, tafinta, duk a dunƙule a kan dala dubu biyu zuwa uku, har da hotonka a gaban masallacin Sultan Ahmet. Sai gasar lamba: wannan ya ce zai dasa maka tushe 4000, wancan ya ce shi 5000 zai yi a zama ɗaya kuma kuɗin bai canza ba. Yaro yana jin lamba ta fi yawa sai ya ɗauka garaɓasa ya samu. Bai san cewa daga jikinsa ake biyan wannan garaɓasar ba. A hanyar da suke kira FUE, ƙarfe ne mai baki kamar ɗan bututu, faɗinsa kusan milimita ɗaya, ake kafa shi a zagaye tushen a zaro. Kowane rami yana warkewa ya bar ɗigon tabo. In an ɗiba da hankali, gashin da ya rage zai rufe. In an yi wawaso, abin da kuka gani a ƙeyar yaron nan shi ne sakamako, kuma babu man shafawa ko addu'ar dillali da za ta mayar da shi.

Shekarunsa nawa ma? Bai kai talatin ba. Sanƙo ba ya tsayawa don an yi maka dashe. Likitoci suna auna shi a mataki bakwai, kuma wanda yake mataki na biyu ko na uku yana ɗan shekara 24, babu mai tabbatar masa inda zai tsaya. An cike masa goshi yau, an sauko da layin gashin har kusa da gira don hoto ya yi kyau, bayan shekara biyar gashin asali da ke bayan dashen ya ci gaba da zubewa. Sai a wayi gari ga tsiri a gaba, ga fili a tsakiya, ga ƙeya an riga an cinye, babu inda za a ɗebo a cike. Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Ingila da kuke kafa hujja da shi, yana ɗan shekara 25 ya yi nasa a Landan a 2011, da kansa ya sanar, kuma a 2013 sai da ya koma aka sake yi masa. Mutumin da yake da kuɗin da zai kira duk likitan da ya ga dama ke nan. Kai da ka sayar da fili ko ka karɓi adashe don tafiya ɗaya, da me za ka koma?

Kuma akwai maganar magani da ake ɓoyewa har sai an gama aiki. Wanda yake so ya riƙe sauran gashinsa, yawanci sai an ɗora shi a kan minoxidil na shafawa ko ƙwayar finasteride, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don sanƙo tun 1997. Ba na wata uku ba ne. Ranar da ka daina, amfaninsa ya fara komawa. Finasteride kuma ga wasu mazan, ko da ba su da yawa, tana rage sha'awa da ƙarfin namiji, kuma ba a son mace mai ciki ta taɓa wadda ta fashe. Saurayin da ya yi dashen nan don bikinsa ya matso, ba shi da haƙƙin ya ji wannan kafin ya biya? Sai yana ɗaure da bandeji a otal za a miƙo masa takarda?

Sai kuma abin da ya shafe mu mu baƙar fata, wanda shi ma ba a faɗa. Je ku duba hotunan kafin da bayan da suke turowa: Larabawa ne da Turawa masu miƙaƙƙen gashi. Namu murɗaɗɗe ne, kuma murɗewar ba a waje kaɗai take ba, har cikin fata tushen a lanƙwashe yake. Miƙaƙƙen ƙarfe a hannun wanda bai saba da irin kanmu ba yana datse tushen biyu, ya lalace a banza, bai zauna a ƙeya ba, bai tsiro a goshi ba. Fatarmu kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kuke gani a kunnen wasu mata bayan huji ko a ƙirjin wasu maza. Maza nawa ne a cikinmu suke fama da ƙurajen ƙeya masu tauri bayan aski? A daidai wannan wurin za a yi ramuka dubbai. Waye ya duba ƙeyar yaron nan da ido da hannu kafin a yanke masa farashi? Hoto uku ya tura ta WhatsApp aka ce ya taho.

Na san abin da za a ce. Wane ya je ya dawo ya yi kyau. Allah ya sanya alheri, ban ce babu ba, amma wanda nasa ya ɓaci hula yake sawa ya yi shiru, shi ya sa ba ku ƙirga da shi. Za a ce Turkiyya akwai ƙwararrun likitoci. Akwai su mana, sai dai tambayar ita ce waye ya riƙe ƙarfen a kanka. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan wuraren da likita zai leƙo ya zana layi da alƙalami ya fita, ma'aikatan da ba likitoci ba su ƙarasa tiyatar, ana jera mutane da yawa a rana guda. Za a ce malamai sun halatta. Gaskiya ne malamai da yawa sun ɗauke shi a matsayin magani, sun bambanta shi da ƙarin gashi da aka hana, ni ma ba haramci nake magana ba. Halaccin abu bai halatta wa dillali ɓoye aibin haja ba. Za a ce kuɗinsa ne, kansa ne. To ai shi ya sa ya kamata a gaya masa gaskiya a kan kan nasa. Ƙeya ɗaya gare shi, kuma abin da aka cire ba ya dawowa.

Ɗan uwana da ka riga ka yi, kana kallon madubi kana kasa barci, da kai nake yanzu, kuma da zuciya ɗaya. In makonni kaɗan ne da yin aikin ka ga gashin da aka dasa yana zubewa, wannan an san da shi, silin ne yake faɗuwa, tushen yana ciki. Sabon tsiro sai wajen wata uku zuwa huɗu, kuma ba a yanke hukunci sai an cika shekara, wani ma har wata 18. Kada firgici ya sa ka koma wurin mutumin da ya tura ka ya sayar maka da zagaye na biyu. Amma in akwai mugunya, ko zazzaɓi, ko wani wuri ya yi baƙi yana wari, kada ka jira amsar saƙo daga Istanbul, tafi asibiti yau. Akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a asibitin Shika da ke Zariya. Ka je da duk takardun da aka ba ka, kuma kada kunya ta sa ka ɓoye abin da aka yi. Ba ka yi zunubi ba. Yaudararka aka yi da rabin bayani.

Mu kuma da muke zaune a majalisa, mu ne muka kora su. Yaro gashinsa ya fara ja da baya, an sa masa suna, an fizge masa hula a gaban 'yan mata, ranar ɗaurin aurensa ma abokai ba su ƙyale shi ba. Iyayenmu da kakanninmu sun yi sanƙo, sun yi aski tal-kwabo, sun sa hula sun ɗaura rawani, babu wanda ya rage musu daraja. Wanda aka lalata wa ƙeya ko wannan askin ya gagare shi, domin reza tana sauka ɗigon tabon zai fito fili, har a Makka ranar da maza suke aske kansu bayan umara. Yaron nan ya yi ƙarfin halin da da yawa ba za su iya ba, ya tona kansa don wani ya tsira, kuka saka masa da dariya. Gobe waye zai sake fitowa ya faɗa?

Kuma tunda maganar gashi ake, iyaye mata, don Allah ku dubi goshin 'ya'yanku. Kitson da ake ja wa yarinya 'yar shekara biyar har girarta ta ɗaga, tana kuka ana cewa ta yi haƙuri kwalliya ce, ƙananan ƙuraje su fito a bakin goshi a shafa man kaɗanya a ci gaba. Wannan jan yana kashe tushen gashi a hankali, kuma in ya daɗe har wurin ya yi santsi, shi ma ba ya dawowa. Sallah tana matsowa za a sake jera su a gaban mai kitso. In yarinya ta ce da zafi, ko ta kasa kwantar da kai a matashi da daddare, a warware shi a daren, ko nawa aka biya.