Sunan da ka laƙaba wa ɗan siyasa, a kan wa yake sauka?

Ƙannena na fada, ku da kuke raba dare kan shayi, waya a hannu, da ku nake. Makon jiya gardama ta kaure a fadarmu, wato majalisar shayinmu, ta unguwar Zariya a Maradi. Wani ya ce duk sunan ba'a da ake yi wa ɗan siyasa ƙabilanci ne, wani ya ce wasa ne kawai, wanda ya shiga siyasa ai ya shirya shan baki. Ban bi ko ɗayansu ba.

Laƙabi ba baƙo ba ne a siyasar Nijar. Masoya Mahamadou Issoufou sun ce masa Zaki, Mahamane Ousmane kuwa Nafarko, tunda shi aka fara zaɓa shugaban ƙasa a 1993 bayan taron ƙasa. Da shugaba Tandja ya nemi ƙarin shekara 3 kan mulki a 2009, kalmar tazarce da mutanensa suka ɗauko da alfahari ta koma abin gori a bakin ƴan adawa. Wannan gori bai tambayi ƙauyen da aka haifi kowa ba. Bahaushe ya zama ɗan tazarce, Bazabarme ya zama, Bafillace ma haka. Aiki aka duba, aka raɗa masa suna. Irin wannan ba zan hana ku ba, domin talaka sau da yawa ba shi da sanda sai bakinsa.

Amma ku tuna zaɓen 2020 da zagaye na biyu na Fabrairun 2021. Mai adawa da ɗan takara Mohamed Bazoum, wanda Balarabe ne, yana da abin faɗa buhu-buhu: shekara 10 na mulkin jam'iyyarsa PNDS, tsadar hatsi, ƴan bindigar da suka addabi Madarumfa da Gidan Runji. Sai muka bar duk wannan, muka koma kan launin fatarsa da kakanninsa, saƙon murya na yawo a WhatsApp ana ce masa baƙo. Maganar takardar ɗan ƙasa ta je kotun tsarin mulki, kotu ta bar shi ya tsaya takara. Sunayen kuwa suka ci gaba da yawo.

Ni ma na yi dariya a lokacin, ba zan ɓoye ba. Akwai wani abokinmu Buzu da ya fi kowa iya dafa shayi a fadar. Rannan ya ajiye buta ya tambaye ni, in fata ce ke mayar da mutum baƙo, to shi mene ne a wurina? Na rasa ta cewa. Bazoum yana Yamai, bai ji mu ba. Wanda ya ji shi ne wannan da muke shan kofi ɗaya da shi, da Balaraben da ke da shago a babbar kasuwa, da ƴaƴansu a lakwal. Mu kuma, Katsinawan Maradi, kakanninmu daga Katsina suka taso bayan jihadi suka samu wurin zama a nan. Kalmar baƙo ya kamata ta yi mana nauyi a baki.

Kada wani ya fake da wasan taubasai. Gaskiya ne Bagobiri yana tsokanar Bazabarme, Bafillace yana tsokanar Babarbare, har UNESCO ta sa wannan al'ada tamu cikin gadon duniya a 2014. Amma taubashi ido da ido ake tsokanarsa, ya rama, a yi dariya tare, gobe in ya shiga uku kai ne farkon zuwa. Wanda ya ɓuya bayan hoton zaki a Facebook yana zagin dangin mutane, da wa yake wasa? Malamanmu sun sha karanta mana aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ba ta kuma ware ƴan siyasa ba.

Yanzu in aka turo sabon suna a gurup ɗinmu, tambaya ɗaya nake yi wa mai turowa: me mutumin ya yi? In ya kawo hanyar da aka ci kuɗinta ko alkawarin da aka karya, mu tattauna. In ya fara da "ai su mutanen nan", sai in ce ya goge. Biyu sun fita daga gurup saboda haka. Abokinmu Buzu kuwa sai da na taka har gida sau biyu kafin ya komo fada, kuma har yau in aka ɗauko hirar siyasa, butarsa kawai yake kallo.