Ga wanda ya haura arba'in yana neman aiki a Sakkwato

'Yan'uwa, duk wanda aiki ya kuɓuce masa yana da shekara 45, ga iyali ga kuɗin makaranta, abin da ya fi cinye masa lokaci shi ne ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba. Ɗaukar kuratan soja da 'yan sanda na matasa ne, yawancin tallan ɗaukar sababbin ma'aikata ma haka. Ko an ɗauke ka aikin gwamnatin tarayya kana da 47, ritaya tana jiranka a 60, wato shekara 13 kacal, sai fa malaman makaranta da dokar 2022 ta kai nasu 65.

A nan ne shaiɗan ke kawo shawarar rage shekaru. Don Allah kada ka yi. Ranar haihuwarka tana rubuce a NIN, tana BVN, tana takardar firamare, tana wajen kamfanin fanshonka. Takardar rantsuwar kotu guda ba ta goge waɗannan duka. Ranar da ka zo karɓar haƙƙinka aka ga sun saɓa, fayil ɗinka zai tsaya wata da watanni, lokacin da ƙarfin zirga-zirga ya ƙare maka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin yi tun yanzu shi ne ka baje takardun nan a tabarma, ka duba suna da kwanan wata harafi bayan harafi. In akwai Muhammadu a wannan, Muhammad a waccan, je ka gyara kafin ka nemi komai.

Haka ka guji mai ce maka ka kawo kuɗi ya samo maka ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Takardar bogi takan tonu ne wajen shigar da suna tsarin biyan albashi, bayan ka sayar da fili.

To ina ƙofarka? Inda ake neman amana da sanin aiki, don da tsohuwar zuma ake magani. Makarantu masu zaman kansu suna son wanda zai riƙe kuɗi ko ya shugabanci malamai, amma in koyarwa za ka yi, ka tanadi rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa. Manyan 'yan kasuwar Sabuwar Kasuwa da Kara, masu injin shinkafa, dillalan albasa, da yawansu suna asara ne saboda babu mai rubuta abin da ya shiga sito da abin da ya fita. Irin wannan aikin ba a tallarsa a jarida. Ka lissafa mutum goma da suka ga aikinka da idonsu, ka je musu da ƙafarka, kuma kada ka ce "a taimaka min da ko wane irin aiki". Wannan kalmar tana sa a ba ka kuɗin mota a sallame ka. Ka ce: na riƙe sito shekara 12, na iya lissafin kaya, wa ka sani yana bukata? Takardar CV kuwa shafi biyu ta isa, aikin baya-bayan nan a sama. In hannunka ya iya walda ko gyaran wuta amma babu shaida, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya.

Batun kuɗin hannu. Wanda ke cikin tsarin fansho na adashi, bai kai 50 ba, ya rasa aiki har wata huɗu, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin ɗari na asusunsa. Halal ɗinka ne, amma daga abincin tsufanka ake yanko shi. Kada ka kwashe shi ka sayi babur ka ba yaron kabu-kabu da ba ka san gidansu ba. Balas yakan zo daidai a watannin farko, daga nan sai labarin gyara. In kiwo za ka gwada, fara da rago uku ko huɗu wata uku zuwa huɗu kafin layya, ka rubuta kuɗin dusa da harawa da magani, ka ga ainihin ribar kafin ka ƙara.

Sannan ba kowane aiki ne jikinka zai ɗauka ba. Zafin Afrilu a garin nan yana wuce digiri 40, mai hawan jini ya yi tunani kafin ya karɓi aikin tsayuwa a rana ko gadin dare. Kuma ka shirya zuciyarka, mai yiwuwa ogan naka sa'an ɗanka ne. Ka ba shi girman kujerarsa, in bai iya wani abu ba ka nuna masa a keɓe. Kafin ka ce ka amince, ka tambayi lokacin shiga da tashi, ranar biyan albashi, da wanda za ka riƙa kai wa rahoto, a rubuta maka a takarda ko da mai wurin amininka ne.